Gyaran Suna A Kundin Gwamnati Ya Koma Ta Intanet: Yadda Abin Ya Shafi Mutanen Gafasa

Tun daga shekarar 2024, lokacin da Hukumar Ba Da Lambar Shaidar Ɗan Ƙasa, watau NIMC, ta buɗe wani shafi a intanet domin kowane ɗan Nijeriya ya nemi gyaran kuskuren da ke cikin bayanansa da kansa, wata sabuwar ɗawainiya ta hau kan mutanen karkara. A da, wanda aka rubuta sunansa ba daidai ba, ko aka rage masa shekaru, ko aka ƙara masa, sai ya ɗauki ƙafa ya tafi ofis, ya bi layi, ya yi wa ma'aikaci bayani baki da baki. Yanzu kuwa an ce da shi ya buɗe waya ko kwamfuta, ya cika fom, ya biya kuɗi, ya jira amsa. Ga mazaunin birni mai ilmin boko wannan sauƙi ne. Amma ga manomin Gafasa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, al'amarin yana da sauran magana, domin kuwa layin wayarsa, da ajiyarsa ta banki, da jarrabawar ɗansa, duk sun rataya a kan 'yan haruffan da aka rubuta cikin wancan kundi.

Gafasa ɗaya ce daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Ajingi, a gabashin Jihar Kano, kusa da iyaka da Jihar Jigawa. Ajingi da Gaya da Albasu wakili ɗaya suke aikawa Majalisar Wakilai ta Tarayya. A ƙidayar 2006 an sami mutum fiye da 170,000 a Ƙaramar Hukumar Ajingi, akasarinsu manoman gero da dawa da gyaɗa da wake, da makiyaya, da 'yan ƙananan sana'o'i. Mafi yawan dattawan wannan yanki an haife su a gida, ba a asibiti ba, kuma babu wanda ya rubuta ranar haihuwarsu a takardar hukuma. Daga nan ne tushen matsalar ya faro.

Daga Kundin Haraji Zuwa Kwamfuta

Rubuta sunayen talakawa a kundin hukuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. A zamanin En'e, malamin haraji yakan bi gari gari tare da dagaci da masu unguwanni, yana rubuta magidanta da balagaggun da ke gidajensu. In an sami kuskure, gyaransa ba ya wuce a ja layi a kan suna a rubuta wani a gefe, mai unguwa kuwa shi ne shaida, tun da ya san kowa har kakansa. Bayan da Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, wannan kundi ya daina aiki.

A 2003 Gwamnatin Tarayya ta yi wa jama'a rajistar katin ɗan ƙasa, amma shirin bai kai inda aka nufa ba. Saboda haka a 2007 aka yi dokar da ta kafa Hukumar NIMC, aka ɗora mata alhakin ba kowane mutum lamba mai alƙaluma 11, watau NIN, wadda ba ta canzawa har iyakar ransa. A 2014 bankuna suka fito da tasu lambar, BVN. A watan Disamba na 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da umurnin a haɗa kowane layin waya da lambar NIN, kuma ran 4 ga watan Afrilu, 2022, aka hana layuka fiye da miliyan 70 kiran waya saboda rashin bin wannan umurni. Wa'adin ƙarshe da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta bayar shi ne ran 14 ga watan Satumba, 2024. Ita ma Hukumar JAMB tun 2021 ta daina yi wa ɗalibi rajistar jarrabawar shiga jami'a sai da wannan lamba. A shekarar 2023 yawan waɗanda suka sami lambar ya haura miliyan 100, Jihar Kano kuwa ita ce ta biyu a yawa bayan Jihar Legas.

Da aka haɗa waɗannan kundaye wuri guda, sai kuskuren da ya daɗe yana kwance ya farka. Ma'aikacin banki na da, in ya ga an rubuta Muhammadu a wata takarda, Mohammed a wata, ya san mutum ɗaya ne. Kwamfuta kuwa harafi take gwadawa da harafi. In ta ga bambanci sai ta ce bayanai ba su dace ba, ta tsayar da aiki.

Yadda Kuskure Yake Shiga

Hanya ta farko ita ce ta suna. Fom ɗin hukuma yana da gurbin sunan farko, da na tsakiya, da na sunan zuriya, bisa al'adar Turawa. Bahaushe kuwa yana da sunan yanka, da laƙabin da aka fi saninsa da shi, da sunan mahaifi, wani lokaci kuma da sunan garinsu. Tun zamanin makarantun midil, har zuwa shirin ilmin firamare kyauta na 1976, malamai sukan liƙa wa yaro sunan garinsu domin su bambanta shi da takwarorinsa a aji, shi ya sa ake da masu amsa sunan Gaya, da Wudil, da Ringim. To, sai ya zama takardar firamare tana ɗauke da sunan gari, ta banki tana ɗauke da sunan uba, ta waya kuma tana ɗauke da laƙabi. Mace kuma takan yi rajista da sunan mahaifinta, bayan aure a rubuta mata sunan miji a wata takardar.

Hanya ta biyu ita ce ta rubutu. Haruffan Hausa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda aka shigar cikin rubutun boko tun shekarun 1930, ba kasafai ake samunsu a fom ɗin hukuma ba, don haka Ɗahiru ya koma Dahiru, Ƙasimu ya koma Kasimu ko Qasim. Haka kuma 'yar alamar nan mai kama da waƙafi da ake sa wa a sama cikin Sa'adu da Mu'azu da Asma'u: wani ma'aikaci yana sa ta, wani yana barin fili a wurinta, wani kuma yana haɗe sunan ba tare da ita ba. A idon kwamfuta waɗannan sunaye uku ne daban daban.

Hanya ta uku, wadda ta fi wuyar gyara, ita ce ta ranar haihuwa. Dattijo yakan ce an haife shi shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, watau 1972, ko shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa Naira, watau 1973, wadda kuma ta faɗo cikin shekarun babban farin nan. Wata tsohuwa takan ce da damina aka haife ta, ko cikin watan azumi. Ma'aikaci mai gaggawa, ga layi ya yi tsawo, sai ya ƙiyasta shekara, ya sa 1 ga watan Janairu. In mutumin ya je wani ofis, wani ma'aikacin ya sake nasa ƙiyasin. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a hannun Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta 1992 ce, kuma ko bayanta ba kowane gida ne a karkara ya kai jariri rajista ba.

Yadda Na'urar Take Aiki

Yana da kyau mai karatu ya san abin da ke faruwa a bayan fom ɗin da yake gani a wayarsa. Bayanan jama'a suna ajiye cikin abin da masana suke kira rumbun bayanai, wanda aka tsara shi kamar rajistar makaranta: kowane mutum yana da layinsa guda, kowane layi kuma an raba shi gurbi gurbi, na suna, na ranar haihuwa, na adireshi, na lambar waya. Wani masani mai suna Edgar Codd, ma'aikacin kamfanin IBM a Amurka, shi ne ya shimfiɗa ka'idar wannan tsari a 1970. Bayan 'yan shekaru aka ƙago wani harshe na musamman mai suna SQL domin ba rumbun umurni. Umurnin da aka fi amfani da su huɗu ne: nemo layi, ƙara layi, gyara layi, share layi.

Da farko sai ƙwararre ne kaɗai yake iya rubuta wannan umurni. Bayan da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a 1989 a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janiba, masana suka gane cewa ana iya sa fom a tsakanin mutum da rumbun, mutum ya cika gurabe, na'ura ta juya abin da ya cika zuwa umurni. Daga baya ma aka sami manhajojin da suke ƙera fom ɗin da kansu: manhaja ta duba tsarin rumbun, ta ga gurabensa, sai ta fitar da akwatin rubutu ga gurbin suna, kalanda ga gurbin ranar haihuwa, jerin zaɓi ga gurbin jiha da ƙaramar hukuma. Daga cikin sanannunsu akwai phpMyAdmin ta 1998, da Ruby on Rails ta 2004, da Django ta 2005. Da irin waɗannan, aikin da a da yake cin watanni ya koma na kwanaki.

To, amma sauƙin yana tafe da nasa aibu. Fom ɗin da na'ura ta ƙera daga tsarin rumbu ba ya sanin komai sai abin da mai tsara rumbun ya tanada. In mai tsarin bai yi tunanin mutumin da bai san ranar haihuwarsa ba, fom ɗin ba zai ba da gurbin cewa shekarar ƙiyasi ce ba, tilas sai an sa rana da wata. In bai yi tunanin ɗ da ƙ ba, za a ƙi karɓarsu. Ita kuwa alamar da ke cikin Sa'adu, dalilin da ya sa wasu shafuka suke ƙyamarta shi ne, a harshen SQL da irin wannan alama ake buɗe rubutu a kuma rufe shi. Shafin da ba a gina shi da kyau ba, in ya ci karo da ita a tsakiyar suna, sai ya ɗauka sunan ya ƙare, ya karanta ragowar a matsayin umurni. Tun 1998 masana suka bayyana cewa ɓarayin intanet suna bi ta wannan kafa su cusa nasu umurnin su kwashe bayanai. Maganin abin sananne ne ga ƙwararru, watau a raba umurni da abin da mutum ya rubuta, amma maginin shafi mai son sauƙi yakan hana alamar gaba ɗaya, Sa'adu da Asma'u su kwana a ciki.

Akwai kuma wani haɗari a umurnin gyara. Umurnin yana da sassa biyu: abin da za a canza, da layin da za a canza shi a ciki. In aka manta da sashe na biyu, rumbun zai canza gurbin a dukkan layuka baki ɗaya. Wannan ne ya sa a kundaye masu muhimmanci ba a barin abin da mutum ya cika ya shiga rumbu kai tsaye. Ana ajiye shi a matsayin roƙo, ma'aikaci ya duba takardun shaida, in ya amince sannan a gyara, a kuma rubuta wanda ya gyara, da lokacin, da abin da ke wurin kafin gyaran. Saboda haka wanda ya cika fom yau bai kamata ya sa ran ganin canji gobe da safe ba.

Ka'idodin Gyara Da Kuɗinsa

A shafin Hukumar NIMC ana iya neman gyaran suna, da ranar haihuwa, da adireshi, da lambar waya. Mai nema zai buɗe wa kansa asusu da lambarsa ta NIN da adireshin imel, na'ura ta ɗauki hoton fuskarsa ta gwada da wanda ke cikin rumbu, sannan ya zaɓi gurbin da yake son gyarawa, ya ɗora hoton takardun shaida, ya biya. Ga canjin suna akan nemi takardar rantsuwa ta kotu, da sanarwar jarida, ko takardar aure. Ga ranar haihuwa kuwa, wanda aka haifa bayan 1992 takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya zai kawo, wanda aka haifa kafin nan kuma takardar tabbatarwa daga hukumar. Ka'idar NIMC ita ce sau ɗaya tak ake gyara ranar haihuwa.

A watan Mayu na 2025 hukumar ta ƙara kuɗin aikin. Gyaran ranar haihuwa ya tashi daga Naira 16,340 zuwa Naira 28,574, gyaran sauran gurabe kuma daga Naira 1,522 zuwa Naira 2,000 kowanne. Wannan bai haɗa da kuɗin takardar kotu, da na jarida, da na mota zuwa Gaya ko Wudil ko Kano, da ladan mai shagon kwamfuta ba. Ga magidancin da zai gyara wa kansa da 'ya'yansa biyu ko uku, lissafin yana iya kai shi ga taɓa rumbun hatsi ko kai akuya kasuwa. In kuwa ya bari, ɗansa mai neman shiga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, zai iya tarar da cewa sunansa na jarrabawar sakandare dabam, na JAMB dabam. Haka nan bashin karatu na Asusun NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, shi ma da lambar NIN da ta BVN ake nemansa.

Hukumar Zaɓe mai zaman kanta, INEC, ita ma ta bi wannan hanya. Ran 28 ga watan Yuni, 2021, ta buɗe shafin da mai zaɓe zai fara rajista, ko ya nemi a gyara bayanansa, ko a mai da shi wata rumfar zaɓe, ko a sake masa katin da ya ɓata, ko da yake sabon mai rajista sai ya je da kansa an ɗauki zanen yatsunsa da hotonsa. A zaɓen 2023 masu rajista a ƙasa baki ɗaya sun kai 93,469,008, daga ciki Jihar Kano tana da 5,921,370. Amaryar da aka kai Gafasa daga wani gari, ko ɗan ci-rani da ya dawo gida, ta wannan hanya za su mai da ƙuri'arsu kusa da gida a duk lokacin da hukumar ta buɗe rajista.

Garin Gyaran Gira

Tun da yake ba kowa ne yake da babbar waya ko imel ba, mafi yawan mutanen karkara ta hannun wani suke bi, ko dai ɗan makaranta na gida, ko mai shagon kwamfuta. Da yawa daga cikin masu shagunan nan mutanen kirki ne, suna kuma cike giɓin da hukuma ta bari. Amma a nan ne karin maganar nan ta garin gyaran gira a rasa ido take da wurin zama. Wanda ya buɗe asusu da imel ɗinsa da kalmar sirrinsa, shi ne yake riƙe da mabuɗin. A 2025 Hukumar NIMC ta sanar cewa asusun gyara yana ɗaure ne da na'ura da manhajar da aka buɗe shi da su, watau wanda ya buɗe nasa a kwamfutar shago, can zai riƙa komawa. In kuma mai bugawa ya yi kuskure a ranar haihuwa, damar nan guda ɗaya ta tafi.

Batun tsaron bayanai ma abin lura ne. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta ba da sanarwar cewa ta gano wasu shafuka suna sayar da bayanan 'yan Nijeriya a kan Naira 100. Hukumar NIMC ta musanta cewa an fasa rumbunta, ta kuma gargaɗi jama'a su guji ba shafukan da ba na hukuma ba bayanansu. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ba kowane mutum haƙƙin neman a gyara bayanin da aka rubuta a kansa ba daidai ba, ta kuma kafa hukumar da za a kai wa ƙara in wani ya yi wasa da bayanan mutane.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Kafin mutum ya taɓa fom, ya kamata ya tattara dukkan takardunsa, na makaranta, na banki, na waya, na zaɓe, ya shimfiɗa su, ya tsai da suna guda da rubutu guda da zai bi har abada. Sau da yawa ya fi sauƙi a bi abin da ke kan takardar jarrabawa, domin ita ce ta fi wuyar canzawa. In da wani zai buga masa, ya zauna kusa da shi, a karanta masa kowane gurbi da ƙarfi kafin a aika, ya tabbata lambar wayarsa aka sa, ya karɓi kalmar sirri da rasit ɗin biya ya adana. Kada ya bar hoton takardunsa cikin kwamfutar shago ba tare da an goge ba.

Su kuma iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Rajistar haihuwar jariri a wurin Hukumar Ƙidaya, wadda ta ƙaddamar da tsarin yin ta da na'ura a watan Nuwamba na 2023, ita ce za ta hana yaron biyan dubban Naira nan gaba. Sunan da aka raɗa ran suna shi ya kamata a kai makaranta harafi da harafi, malaman firamare na Gafasa da Toranke da Balare da sauran mazaɓu kuma su nemi ganin takardar haihuwa kafin su rubuta yaro a rajista.

Akwai aiki a kan shugabanni ma. Majalisun Ƙananan Hukumomin Ajingi da Gaya suna iya ware ɗaki da kwamfuta da ma'aikaci amintacce a sakatariya, ko su riƙa zagayawa mazaɓu ranar kasuwa, domin taimaka wa wanda ba ya karatun boko ba tare da an tatse shi ba. Dagatai da masu unguwanni da limamai, waɗanda su ne shaidun haihuwa da aure tun fil azal, su ne suka fi dacewa da faɗakar da jama'a. Hukumomin tarayya kuma ya kamata su fitar da fom ɗin da Hausa, su sa ya karɓi haruffan Hausa, su kuma rangwanta kuɗi ga wanda ya nuna cewa kuskuren daga alƙalamin ma'aikaci ya fito. Matasan yankin da suke karatun kwamfuta a Wudil da Dutse da Kano, wata rana su ne za su tsara irin waɗannan rumbuna; in sun zo tsarawa, su tuna da Sa'adu da Ɗahiru, da tsohuwar da aka haifa da damina.